Yadda Mai Albashi A Karkara Zai Sauke Bashin Katin Banki

A ƙauyukan Kano da Jigawa, katin da ya fi yawa a aljihun mutane na cirar kuɗi ne. Idan asusunka babu komai, mai POS zai miƙo maka shi ya ce bai tafi ba, shi ke nan. Katin bashi daban yake. Kuɗin da yake fitarwa na banki ne, an yanka maka iyakar abin da za ka ci, ka biya daga baya da kuɗin ruwa a kai. Masu albashi ne suka fi samunsa, irin su malamin firamare, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, domin banki ya san albashinsu ta hannunsa zai biyo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Da yawan waɗanda bashin nan ya hau kansu ba shagali suka yi da shi ba. Taki suka saya, da magani, da buhun masara, da kuɗin makarantar yara.

Saboda haka ba zan tsaya yi maka faɗa ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke gabanmu shi ne yadda za a fita, kuma matakan nan sun shafi rancen albashi da na manhajojin waya, don da wuya ka samu mai bashin kati da ba ya ɗauke da ɗaya daga cikinsu.

Mataki na farko: gane inda kuɗinka ke zurarewa

Kowane wata banki yana fitar da takardar bayanin katin. Abu huɗu za ka nema a jikinta: jimillar abin da ake bin ka, mafi ƙarancin abin da aka yarda ka biya a wannan watan, ranar ƙarshe ta biya, da adadin kuɗin ruwa. Idan ba ta zuwa maka ta waya, je reshe ka ce a buga maka.

Wannan "mafi ƙarancin biya" shi ne inda mutane suka fi rasa gane kan lamarin. Mutum yana ganin an cire masa kuɗi duk wata, sai ya ɗauka bashin na raguwa sosai. Bari mu yi lissafi da misali, kai kuma sai ka sa naka adadin. A ce ana bin ka naira 300,000, kuɗin ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata. Ruwan watan farko kaɗai naira 9,000 ne. Idan ka biya 15,000, to 6,000 kacal ta taɓa uwar kuɗin. Idan ka ci gaba da biyan 15,000 ɗin nan, ba ka ƙara cin ko kwabo ba, sai ka yi wata 31 kafin ka gama, kuma abin da zai fita daga hannunka zai kai kusan 465,000. Amma da za ka iya biyan 30,000 duk wata, cikin shekara ɗaya da ɗan ciko ka gama, jimilla wajen 362,000. Bambancin ya haura naira 100,000, alhali bashin ɗaya ne, bankin ɗaya.

Biyan mafi ƙaranci tamkar yanke kan ciyawa ne a bar saiwa a ƙasa: gona ta yi kyan gani na kwana biyu, ruwa na sauka ta sake tofowa.

Akwai ƙarin abu biyu. Kashi 3 a wata yana jin kamar ba yawa, amma idan ruwan na hawa kan ruwa, a shekara ya haura kashi 42. Sannan a yawancin katuna, idan sayayya ka yi kuma ka biya duka kafin ranar ƙarshe, ba a ɗora maka ruwa, amma idan tsabar kuɗi ka ciro, ruwa na fara lissafi tun ranar, ga kuɗin cira. Mu a karkara tsaba muke buƙata, don mai awo da mai taki a kasuwar ƙauye ba su da na'ura. Ka tambayi bankinka yadda yake lissafa kuɗin da ka karɓa ta hannun mai POS da na injin ATM, kada ka yi zato.

Mataki na biyu: zauna da littafi da biro

Sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Bayan sallar isha'i, gida ya yi shiru, zauna ka rubuta duk wanda ke bin ka. Kowane bashi layinsa: wa ke bi, nawa ne ya rage yau, nawa yake ƙaruwa a wata, yaushe ake biya, me zai faru idan aka makara. Kada ka tsallake na mai shago, da na ƙungiyar ma'aikata, da zubin adashin da ka riga ka kwasa, da kuɗin da ka karɓa da damina da alkawarin biya da buhu idan kaka ta yi. Kada ka tsallake 5,000 ɗin da ka karɓa hannun ƙanwarka don kana ganin ba za ta tambaya ba.

Wannan zaman yana da nauyi. Mutane da yawa sun fi wata shida ba su buɗe saƙon banki ba, don kada gabansu ya faɗi. Amma bashin da ba ka san adadinsa ba ya fi hana barci a kan wanda ka gani a rubuce. Rubuta bashi kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa ta sauka.

Idan ka gama, ɗauki takardun katin na watanni shida baya ka bi su layi-layi. Duk cajin da ba ka gane ba, ka zagaye shi da biro. Za mu koma kansa idan an je banki.

Mataki na uku: rufe ƙofar ci

Daga yau katin ba ya fita da kai. Cire shi daga aljihu ka sa a ƙasan akwati, ko ka ba wanda ka amince da shi ya ajiye, ba tare da lambar sirri ba. Goge manhajojin rancen da ka riga ka biya. Waɗanda ake bin ka a cikinsu ka bar su, don ka riƙa ganin lissafi, amma ka shiga saitin waya ka hana su ganin lambobin mutanenka da hotunanka.

Doka ɗaya ce a nan, kuma ba ta da sassauci: ba a cin sabon bashi mai ruwa don a biya tsoho. Wanda ya ciro daga manhaja ta biyu ya toshe ta farko, kafin wata uku zai iske kansa da biyar.

Mataki na huɗu: a faɗa wa mutanen gida

Na san wannan ne matakin da maza suka fi ƙi. Amma ba yadda za a yi a rage kashe kuɗi a gida alhali wadda ke riƙe da tukunya ba ta san dalili ba. Idan ka rage kuɗin cefane ba bayani, zargi zai shigo, ta ɗauka ko aure kake shirin ƙarawa. Ba sai an yi dogon jawabi ba. "Maman yara, akwai bashin banki a kaina, ga adadinsa. Ina so mu gama da shi kafin kaka mai zuwa. Zan rage wasu abubuwa, ina neman ki taya ni." Idan mata biyu ne, a faɗa musu magana iri ɗaya. Ke ma ma'aikaciya, idan ke ce da bashin, ki samu maigidan ko yayanki ki faɗa, kafin saƙon masu bin bashi ya riga ki isa wayarsu.

Daga nan sai a raba albashi a takarda tun kafin ya shigo. Abinci, da magani, da kuɗin man babur na zuwa aiki, da na makaranta, su ne farko, ba a taɓa su. Wanda ya matse abinci don biyan bashi, a tsakiyar wata zai koma kan katin. Abin da ake dubawa shi ne sauran: data, da zaman mai shayi safe da yamma, da anko, da ɗinkin da za a iya ɗagawa, da gudunmawar biki. Gudunmawa tana da wuyar yankewa, don zumunci ne kuma ramuwa ce, amma ana iya ragewa, a kai jiki a yi hidima a maimakon kuɗi mai yawa.

Duk abin da aka tsame, ko 7,000 ce, shi ne ƙarin da za a ɗora kan biyan wata. Kuma a biya shi ranar da albashi ya shigo. Kuɗin da ya kwana uku a asusu, sai ya samu mai buƙatarsa.

Mataki na biyar: wa za a fara sallama?

Kowane bashi a ba shi mafi ƙarancin abin da zai hana tara. Ƙarin da aka samu kuwa kada a yayyafa shi ko'ina, a tara shi kan bashi ɗaya har ya mutu, sannan a kwashe duk abin da ake ba shi a koma kan na gaba.

Wanne ne farko? Wanda ya fi saurin haihuwa. Ɗauki malamin da ake bin sa 300,000 a kati, 40,000 a manhaja, 60,000 a ƙungiyar malamai, 25,000 a shagon unguwa. Na manhaja ƙarami ne amma shi ya fi zafi. Idan an rubuta maka 20,000, aka turo 17,000 bayan cire kuɗin hidima, aka ce ka mayar da 23,000 cikin mako biyu, ka biya 6,000 a kan 17,000, wato kashi 35 cikin ɗari a kwana 14. Ba katin bankin da ya kama ƙafar wannan. To shi za a fara kashewa, sai kati, sai na ƙungiya.

Akwai masu cewa a fara da mafi ƙanƙanta ko da ba shi ya fi ruwa ba, don ganin an share layi ɗaya a littafi yana ƙara wa mutum ƙarfin gwiwa. Ban raina wannan ba. Idan ka san zuciyarka na saurin karaya, ka yi hakan. Amma a lissafin kuɗi, fara da mai ruwa da yawa ya fi sauƙi.

Mai shago ba ya ɗora ruwa, amma kada wannan ya sa ka mayar da shi na ƙarshe ka yi shiru. Shi ne ya ba ka awo ranar da ba ka da ko sisi, jarinsa kuma ƙarami ne. Je ka same shi: "Alhaji, kuɗinka na raina. Zan riƙa kawo 3,000 duk wata har na gama, kuma daga yau abin da zan saya da kuɗi a hannu ne." Sai ka cika. Banki ba ya zuwa jana'izarka, amma mai shago maƙwabcinka ne.

Mataki na shida: kuɗin kaka da na turka

A nan ne mai albashin karkara ya fi na birni dama. Kusan kowa yana da gona, ko rago a turke, ko ɗan fegi a fadama. Albashi yana riƙe bashi kada ya ƙaru, amma kuɗin da ke zuwa a dunƙule su ke karya shi.

Koma kan misalinmu. Ana bin ka 300,000, sai ka sayar da riɗi ko rago ka zuba 100,000 lokaci ɗaya. Ruwan wata ya sauko daga 9,000 zuwa 6,000. Idan ka ci gaba da biyan 15,000 ɗin da ka saba, maimakon wata 31, cikin wata 18 ka gama. Wannan 100,000 ɗin ta tsare maka sama da naira 100,000 da za su tafi a ruwa.

Don haka ka buɗe shafi a littafinka ka jera abin da ke tafe a shekara. Riɗi da gyaɗa da zoɓo da wake, da kaka. Shinkafa da alkama da albasa da tumatir ga masu noman rani a Kura da Garun Malam da Bunkure, ko kwarin Haɗeja wajen Auyo. Ragon da ake turkawa don babbar sallah. Kwasar adashi. Bashin ƙarin girma ko alawus idan gwamnati ta biya. A gaban kowanne ka rubuta kason da zai tafi ga bashi tun kafin kuɗin su zo hannu, domin ranar da ka dawo daga kasuwar Gujungu ko Maigatari ko Wudil da kuɗi a aljihu, buƙatu goma ne za su tarye ka a zaure. Abin da ya fi, daga hannun dillali ka wuce wajen mai POS ka tura wa katin, ka karɓi rasit, sannan ka hau mota.

Sai tambayar da kowane manomi zai yi: in sayar yanzu da kaka kaya na araha, ko in ajiye sai bazara? Ga yadda za ka auna. Bashin da ke cin kashi 3 a wata, cikin wata biyar ya ƙaru da kusan kashi 16. Ke nan sai farashin buhu ya tashi da fiye da kashi 16, bayan an cire ɓarnar ƙwari da kuɗin magani da na dako, kafin ajiyar ta yi maka rana. Wasu shekarun yana tashi fiye da haka. Amma ba alkawari ba ne. A 2025 an ga farashin masara da shinkafa ya karye, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Ruwan banki kuwa ba ya fashi. Ni a ganina, mai bashi mai ruwa ya sayar da kayan kuɗi irin su riɗi da zoɓo da wuri ya rage nauyi, ya bar ajiya ga wanda ba a bin sa.

Akwai abubuwan da ba a sayarwa. Hatsin da gida zai ci har sabon amfani ya zo: wanda ya sayar da geronsa da kaka zai saye shi da tsada a watan Yuli, da bashi. Shanun huɗa, da injin ban-ruwa, da babur ɗin zuwa aiki, da keken ɗinki, su ne ke kawo kuɗin biyan. Gona kuwa, ko jingina kada ka yi gaggawar bayarwa, don gonar da ta shiga jingina tana daɗewa ba ta dawo ba, kuma duk shekarar da ta yi a hannun wani, amfaninta ya wuce ka. Abin da ake sayarwa shi ne wanda ke zaune: waya ta biyu, tsohon babur da ke jingine, bulon da aka buga shekara uku ba a ɗora ba.

Awakin matarka da 'yan kunnenta nata ne. Idan ta ga dama ta taimaka, a rubuta shi a littafin a matsayin rance, a sa ranar biya, a kuma biya. Gidaje da yawa sun samu ɓaraka ta nan.

Game da adashi: idan kana ciki, ka roƙi uwar adashi ta matso da kwasarka gaba, ka zuba wa katin duka. Ka mayar da bashi mai ruwa ya zama marar ruwa ke nan. Sharaɗin kawai shi ne ka tabbata zubin ba zai gagare ka ba.

Mataki na bakwai: je banki da ƙafarka

Kada ka jira a kira ka. Ka ware rana, ka tafi reshen da ke riƙe da asusunka, ko a Dutse yake, ko Gumel, ko Bichi, ko Rano, da littafinka, da katin shaida, da takardun albashi na watanni uku. Nemi jami'in da ke kula da rance, ba mai zama a kanta ba. Ka yi magana a fili: "Ranka ya daɗe, ina son biyan bashin nan, amma yadda ake tafiya yanzu ba ya raguwa. Abin da zan iya biya duk wata shi ne kaza. Ina so a dakatar da katin, a mayar da abin da ya rage rance mai tsayayyen biya da ranar gamawa."

Abin da za ka roƙa: a rufe katin daga sabon ci, a rage kuɗin ruwa, a yafe tarar makara ko a rage ta, a daidaita ranar biya da ranar da albashinka ke shigowa. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci ga ma'aikatan da albashinsu kan yi jinkiri, don makarar kwana uku na iya jawo tara duk wata. Idan kana da kuɗi a dunƙule, ka tambaya nawa za su karɓa su rufe bashin gaba ɗaya. Ba dole ne su yarda da duka ba, amma banki ya fi son mai biya a hankali a kan wanda ya ɓace.

Kada ka yi alkawarin abin da ya fi ƙarfinka don kunya. Kuma duk abin da aka amince, a ba ka a rubuce da sa hannu da hatimi. Idan aka ce za a haɗe maka basussuka a sabon rance ɗaya, tambaya ɗaya za ka yi: daga yau har in gama, jimilla nawa zan biya? Sai ka gwada da lissafinka. Biyan wata na iya raguwa alhali jimillar ta ƙaru, saboda an ja lokacin.

A wannan zaman ne za ka fito da cajin da ka zagaye. Idan ba a yi maka gamsasshen bayani ba, rubuta ƙorafi, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Idan wa'adin da aka ƙayyade wa banki ya wuce ba a warware ba, kana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Wani zai ce, in sauya bankin albashi mana in huta. Ba mafita ba ce. Tun 2014 lambar BVN ta haɗe duk asusun mutum, kuma daga 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba bankin da ke bin ka damar cire uwar kuɗi da ruwanta daga asusunka na wasu bankuna, idan ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar rancen. Tsarin bai haɗa da kuɗin tara ba. Ban da haka, sunanka zai shiga kundin kamfanonin da ke adana tarihin masu bashi, ranar da za ka nemi rancen taki ko na gini a iske shi a can.

Mataki na takwas: idan ana yi maka barazana

Wasu masu rancen waya kan tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayarka, su kira ka ɓarawo, har su haɗa hotonka. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, wannan ya fi duka ciwo, kuma da shi suke tsorata mutum ya ci wani bashin. Ka sani doka ba ta ba su wannan dama ba. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya ta fitar da ƙa'idojin rajistar masu rancen intanet a 2022, tana kuma karɓar ƙorafi a kansu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana amfani da bayananka ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanin Google ma, daga ƙarshen Mayun 2023, ya hana manhajojin rance da ke rumbunsa na Play Store leƙa lambobin waya da hotunan mutane.

Ka ɗauki hoton kowane saƙo ka adana. Kada ka rama zagi. Ka riga su sanar da makusantanka: "Yaya, idan ka ga wani saƙo a kaina, bashi ne na ci, ina kan biya." Da zarar mutanenka sun ji daga bakinka, makaminsu ya dakushe. Ka biya abin da ke kanka na gaskiya ta hanyar da ke cikin manhajar, kada ka tura wa asusun wani mutum da ya kira ka a waya.

Bashi kuma ba laifin da ake kulle mutum a kansa ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Mai bin bashi kotu zai je. Idan sammaci ya zo daga kotu, ka amsa, ka je da littafinka da rasitanka. Amma ka kiyayi ba da cakin banki alhali ka san babu kuɗi a asusun, wannan laifi ne mai zaman kansa.

Idan lissafin ya ƙi fita ko ta yaya

Akwai wanda bayan ya cire abinci da magani, abin da ya rage bai kai ruwan wata ba. Wannan ba matse ciki zai fitar da shi ba, sai taimako. Ka samu babba a dangi, wanda ake jin maganarsa, ka nuna masa littafin. Rance marar ruwa daga 'yan uwa uku ko huɗu, a rubuce da shaidu, yana iya kashe katin rana ɗaya, ka koma biyan su a hankali. Ƙungiyar ma'aikata ma ta fi banki sauƙi sau da yawa.

Kada kuma ka manta, masu bashi suna cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ce a ba zakka. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, masarautun Jigawa kuma suna da kwamitocin zakka da ke tattara ta har ƙauyuka. Ka fara da limaminku ko dagaci. Wanda bashin magani ko na abinci ya danne, neman wannan haƙƙi ba roƙo ba ne. Batun hukuncin ruwan da ya riga ya hau kanka kuwa, ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne a gaggauta fita.

Ranar da aka gama

Biyan ƙarshe ba shi ne ƙarshe ba. Ruwan 'yan kwanakin da ke tsakanin fitar takarda da ranar da ka biya yakan biyo baya, ɗan kuɗi kaɗan, idan ba ka lura ba ya tara tara. Ka tambayi adadin da zai rufe bashin a ranar da kake tsaye, ka biya shi daidai. Sannan ka rubuta takardar neman a rufe katin kwata-kwata, domin katin da ba a rufe ba yana iya ci gaba da jan kuɗin kulawa ko ba ka taɓa shi ba. Ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, ka yi kwafinta biyu, ka ajiye tare da takardun gona.

Bayan wata biyu ko uku, ka nemi rahoton tarihin bashinka daga ɗaya daga kamfanoni ukun da ke da lasisi, wato CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Dokar rahoton tarihin bashi ta 2017 ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. Idan har yanzu yana nuna ana bin ka, ka kai musu kwafin takardar shaidar su gyara.

Kuɗin da ka saba biya duk wata kada ka bari su narke cikin cefane. Ka ci gaba da cire su ranar albashi na wasu watanni, ka sa a asusun da ba shi da kati, ko ka sayi tunkiya, har su kai abin da zai ɗauki rashin lafiyar dare ko takin damina ɗaya. Idan wata babbar buƙata ta taso, kamar injin ban-ruwa ko babur, ka leƙa bankunan da ba sa aiki da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Su sukan sayi kayan su sayar maka da riba sananniya, a raba maka biya. Nan ma ka nemi jimillar a rubuce, ka kai ta gida ka gwada da albashinka kafin ka sa hannu.